Fo a Shagon Ɗinki

Litinin

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Ya ƙafa, ya ido? Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Baban Alƙali yana can wurin aikin ginin da na gaya miki, sai bayan mako biyu yake leƙo mu. Na so in kira ki a waya, amma na san yadda za ta kaya: in yi ta ihu, ki yi ta cewa "na'am?", maƙwabta su gama jin sirrina ke ba ki ji ba. Shi ya sa na ba direban nan takarda, tunda kusan kullum yana bi ta wajenku.

Gwaggo, maganar kashi ce ta kawo ni, ki yi haƙuri in kina cin abinci. Jikanki ya cika shekara ɗaya da wata bakwai. Ban san abin da yake ci a bayan idona ba, amma abin da yake fitowa daga cikin yaron nan ya fi ƙarfin hancina. Har yanzu in zai yi sai ya tsaya cak, ya haɗe gira, ya kafe mutum da ido, kin dai tuna dalilin da ya sa kika raɗa masa Alƙali. Da can dariya abin yake ba ni. Yanzu da na hango fuskar nan zuciyata take tashi, tun wari bai iso ba.

Kin san da shi nake zuwa shago, don ba ni da mai riƙe mini. Shagon ɗaki ɗaya ne, keken ɗinki huɗu, teburin yanka, teburin guga, taga ɗaya tal. Banɗaki yana can bayan gini, sai an karɓo makulli wurin mai kanti. Shekaranjiya wata mata ta zo awo, uwar ɗakina tana zagaya mata tef a ƙugu, sai gogan naki ya shigo tsakaninsu ya haɗe gira. Matar ta toshe hanci ta ce za ta dawo, har yau ba mu ga ƙeyarta ba. Da aka tashi uwar ɗakina ta tsayar da ni ta ce, "Maman Alƙali, ina son aikinki, amma shagona ba bola ba ne. Na ba ki wata ɗaya. Ko yaron nan ya bar famfas, ko ki daina zuwa mini da shi."

Na gaya wa babansa ina tsammanin zai tausaya mini. Buɗar bakinsa sai ya ce ai abu mai sauƙi ne, in wata ya cika bai koya ba a kai shi wurin surukata ta riƙe shi har ya isa shiga makaranta. Tafiyar yini guda ce, Gwaggo. Sau biyu a shekara ke nan zan riƙa ganin ɗana. Kashinsa ne ya ishe ni, shi bai ishe ni ba.

Tun da Inna ta rasu ba ni da wadda zan tambaya irin wannan sai ke. Mutane suna cewa kaka kawai kuka haɗa da Baba, ni dai ban san wata gwaggo ba. Kuma shekara talatin kika yi kina jinya a ɗakin yara. Ki koya mini yadda ake yi.

'Yarki,
Tela

*

Alhamis

'Yata Tela,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, kuma da hannuna nake ba ki amsa, ko da yake sai na kawo takardar bakin hanci. Ƙafa da sauƙi. Ido kuwa ranar Talata za a cire mini yanar da ta rufe na dama, sun ce zan yi kwanaki ba karatu ba rubutu. Ki gaishe mini da maigidana, ki ce masa na ji abin kunyar da yake yi a gaban matan mutane, in bai daina ba zan sake miji.

Ke kuma kin ba ni haushi. Yaro yana tafiya da ƙafarsa, yana kiran sunan mutane, a ce har yanzu yana yawo da kayan cikinsa ɗaure a gindi kamar ƙunshin cefane? Tir da wannan zamani na famfas. 'Ya'yana biyar, babu wanda ya kai wata goma bai san fo ba.

Ki sayi fo ƙarami, wanda in ya zauna ƙafarsa za ta taɓa ƙasa. Da ya tashi daga barci ki ɗora shi, da ya gama cin abinci ki ɗora shi. Ki tsuguna a gabansa ki riƙa yi masa "sssss" a hankali, kullum sauti ɗaya, kada ki canja. Kafin kwana goma jikinsa zai saba, da ya ji sautin mara za ta saki ko bai so ba. Famfas ki cire gaba ɗaya ki ɗinka masa wanduna, ai sana'arki ce. In ya jiƙa ki bar shi ya ɗan ji sanyin abin. Sharaɗi ɗaya ne, in kin fara kada ki koma baya. Yaro da ya ga kin sassauta sau ɗaya ya gama raina ki.

Maganar surukarki kuwa, ki ce wa mijinki ni na ce ya kama bakinsa. Matar da na gani da idona ta fyace hanci da bakin zani ta kuma goge cokali da shi, ita ce za ta koya wa jikana tsabta?

Gwaggonki

*

Litinin

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Sannu da jiki, ya idon? Direba ya ce ya gan ki da bandeji kina yi wa mai ruwa faɗa, na ce to Gwaggo ta warke. Na yi shiru mako biyu da rabi ne don kada in dame ki, amma yanzu abin ya kai ni bango.

Dabararki ta ci, sai dai ta ci fiye da yadda muke so. A gida kwana shida kacal, da na yi "sssss" sai in ji tsurrr a fo. Har rawa na taka. A shago kuma sai na riƙa ganin tafki nan da can, a ƙarƙashin teburin yanka, a bakin ƙofa, sau ɗaya a cikin takalmin uwar ɗakina. Rannan sau bakwai na goge ƙasa. Sai a rana ta uku na gano. Dutsen gugar shagon mai tururi ne. Duk sanda abokiyar aikina mai guga ta danna shi ya yi "sssss", Alƙali sai ya tsaya duk inda yake ya saki. Na roƙa a riƙa guga ba tururi, uwar ɗakina ta ce ɗinki ba ya kwanciya sai da shi.

Ranar Alhamis kuma aka yi mai gaba ɗaya. Ya sha mangwaro da safe, ciki ya ɗan lalace. Wani farin yadi da aka kawo a yi rigunan makaranta ya zamo daga tebur, ya hau kai yana wasa da ragowar zare. Mai guga ta danna. Gwaggo, gaba da baya ya saki, ya kuma murza a kai, ya sa hannu ya shafa a gashi. Na fisge shi da hannu ɗaya na ratsa shago da shi yana ɗiga. Mai kanti ya fita da makulli a aljihu, na tsaya a rana ina jira, abin yana gangarowa ta ƙafarsa zuwa kan yatsuna, ƙudaje sun taru. Ban san sanda na kai masa duka sau biyu a cinya ba. Na tofar da yawu na ce masa ƙazami, ƙazamin banza, na faɗa na sake faɗa a gaban mutane. Bayan na wanke shi na koma gefe na yi amai. Ranar da cokali na ci abinci, don na kasa kai hannuna baki.

Tun daga ranar, yau kwana huɗu ke nan, bai ɓata wando ba. Shago fes, har uwar ɗakina ta ce madalla, kuma saura kwana tara wa'adinta ya cika. Sai dai ya rage cin abinci, ga yawan kuka, in ya ga fo sai ya ruga bayan ƙofa ya laɓe.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Fitsari yana yi, amma kashi ko ɗis bai yi ba, ba a wando ba, ba a fo ba. In ya taso masa sai ya miƙe a kan yatsun ƙafa, ya matse cinyoyi, jijiyar wuya ta tashi, har sai ya mayar da shi ciki. Cikinsa ya yi tauri. Tusar da yake saki kamar ruɓaɓɓen ƙwai, har bakinsa wari yake yi. Jiya na kwantar da shi na haska da fitilar waya, na ga abin ya leƙo, baƙi ƙirin, busasshe, ya koma. In mayar masa da famfas ne, ko in kai shi asibiti, ko kuwa haka suke yi kafin su saba? Abin da kika ce shi zan yi.

'Yarki,
Tela

*

Talata

Zuwa ga 'yata Tela,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ido yana samun sauƙi amma har yanzu a rufe yake. Maƙwabciyata Malama, wadda ta yi ritaya daga koyarwa, ita ce ta karanta mini takardarki, ita ce kuma take rubuta wannan.

Na yi dariyar dutsen guga har likita zai yi fushi da ni. Dukan da kika yi masa ban ji daɗinsa ba, kada ki ƙara. Amma kwana huɗu bai ɓata wando ba, ai kin ci nasara. Ban gaya miki ba? Kukan da yake yi da laɓewa bayan ƙofa da ƙin abinci duk wayo ne na yara, gwada ki yake yi ya ga ko za ki karaya. Na ga irinsu ɗari. Kada ki kula shi, kada ki kuskura ki mayar masa da famfas, ki ci gaba da ɗora shi safe da yamma. Kwana kaɗan ya rage ki huta, mijinki kuma ya nemi wani zancen.

Gwaggonki

Ƙari daga mai rubutu: 'Yar nan, don Allah a riƙa tsabtace harshe a takarda. Akwai abubuwan da mai tarbiyya take cewa "lalurar yaro" ta wuce. Ina karin kumallo aka kawo mini wasiƙarki.

*

Litinin

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fata ido ya buɗe. Mu dai ba lafiya ba, shekaranjiya muka yini a asibiti.

Ranar Laraba da takardarki ta iso na riga na sa famfas a jaka, niyyata in mayar masa in kai shi a duba. Da na karanta sai na fitar da shi. Na ce nas ta shekara talatin ta ce wayo ne, ni wace ce? Na ci gaba da danna shi a kan fo safe da yamma, yana sandarewa yana ihu, ina yi masa "sssss" kamar mahaukaciya.

Ranar Asabar da safe ya yi amai, jiki ya yi zafi, ya kasa zama. Nas ɗin da ta karɓe mu ta taɓa cikinsa ta ce, "Kwana nawa rabonsa da bayan gida?" Na ce tara. Ta ajiye biro ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Tara? Kina gida ɗaya da shi?" Na gwammace ta mare ni.

Sun sa masa magani ta ƙasa, bai yi aiki ba. Sai ta sa safar hannu ta shafa mai, ta ce in riƙe ƙafafunsa. Da yatsa ta riƙa ciro shi, Gwaggo, guntu-guntu, yana faɗawa cikin tasar ƙarfe ƙwal, ƙwal, kamar tsakuwa, da ɗan jini a jiki. Wata mata da ke jiran layi ta tashi ta fita. Shi kuwa yana ta ihu yana cewa, "Ƙazami! Ƙazami!" Nas ta ce, "Wa yake zagi, ni?" Na ce a'a, kansa yake nufi. Ta ci gaba da aikinta har ta gama. Abin da ya biyo baya kuwa a rigata ya sauka, na kwana tara, kuma a haka na hau mota na dawo gida, kowa yana matsawa daga kusa da ni.

Ta ce a mayar masa da famfas, kada ya sake ganin fo sai bayan wata biyu, ko sunansa kada a ambata.

Sau uku na sake karanta takardarki ina neman inda kika amsa tambayata, ban gani ba. Na gaya miki cikinsa ya yi tauri, na gaya miki abin da na gani da fitila, kika ce mini wayo ne. Kika kuma bar wata ta koya mini tsabtar harshe a ƙasan takarda. Ban taɓa ɗaga miki murya ba kuma ba zan fara yau ba, amma raina ya ɓaci ƙwarai. Na fi jin ƙyamar kaina, don ni nake kwana da shi, ni nake jin nishinsa, na zauna ina jiran takarda ta gaya mini ɗana ba shi da lafiya.

Jibi wa'adin uwar ɗakina zai cika, ga yaro da famfas. Babansa zai zo ranar Juma'a, ya riga ya aika wa surukata ta gyara wuri.

Tela

*

Talata

'Yata,

Ki yi haƙuri da manyan baƙaƙen nan, da hannuna nake yi, ido ɗaya da rabi. Ya jikin maigidana? Allah ya ba shi lafiya, ya ba ki haƙuri.

Takardarki da kaina na karanta, na kasa gane wace tambaya kike nufi. Sai na aika Malama ta kawo mini ta farkon. Na zauna a bakin taga na bi ta layi-layi da yatsa har na iso wurin. Tela, wallahi sai yau na san da shi. Daga "bayan ƙofa ya laɓe" matar nan ta yi tsalle ta dira a kan "'Yarki". Na kira ta na nuna mata, ta yatsina fuska ta ce, "Ai wurin ƙazantar ne na tsallake, ina shan shayi, kuma na ga duk magana ɗaya ce." Na ce mata shekara talatin ina leƙa abin da yara suka kasayar don in san wanda zai kwana da wanda ba zai kwana ba, ita kuma shayinta ya fi cikin jikana. Na ce ta fitar mini daga ɗaki. Ko gaisuwarta ban amsa ba yau.

Amma ba zan ɗora mata duka ba. Ni na ce miki kada ki koma baya, kuma na faɗa da gadara. Ga wata gaskiyar da ya kamata ki ji tun farko. 'Ya'yana biyar ɗin da nake cika baki da su, ina bakin aiki suka koyi fo, uwata ce take fama da su. Ni labari nake ji in na dawo. Na ukun ma har ya shiga makaranta ana shanya masa katifa. Na manta da wannan ne saboda ba ni nake wankewa ba. Ki yafe mini.

Ki bi maganar nas ɗin nan, ta fi ni gaskiya. Ruwa da yawa, gwanda, lemo, ɗan mai a abinci. Maganar shago ba zan yanke miki ba, ke kika san gidanki. Abu ɗaya zan ce, kuma wannan karon roƙo ne. Kada ki bari a tafi da shi yanzu. Yaron da yake kiran kansa da sunan nan, in aka ɗauke shi daga wurinki a makon nan, zai ɗauka saboda abin da ya yi ne kika kore shi.

Gwaggonki

*

Asabar

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ya ido? Kada ki ƙara wahalar da shi da dogon rubutu. Na yafe, ni ma ki yafe mini zafin bakina. Jikin Alƙali da sauƙi, zazzaɓi ya sauka, yana cin abinci.

Ranar Laraba na je shago da shi, da famfas ɗinsa, ban ɓoye ba. Na gaya wa uwar ɗakina komai, har tasar ƙarfe. Ta ce ta tausaya mini, amma ita ma masu kawo ɗinki take kallo. Ban ga laifinta ba, ni ma da shagona ne ban san abin da zan ce ba. Na ɗauki almakashina da tef na yi musu sallama. Mai guga ta rako ni har bakin titi tana ta ba ni haƙuri, kamar ita ta ƙera dutsen.

Jiya babansa ya iso, ya sauko da jaka ya fara zuba kayan yaro a ciki. Ya ce in koma in roƙi uwar ɗakina, tunda yaro zai tafi ai magana ta ƙare. Na ce babu inda zai je. Ya ce to aikin fa? Na ce maƙwabciyarmu tana da keken da ba ta amfani da shi, zan riƙa karɓar gyare-gyare a gida. Ya ce shekara huɗu na yi kafin in samu kujera a shagon nan, zan watsar saboda kashi? Na ce e, saboda kashi.

Muna cikin haka Alƙali ya fito daga ƙarƙashin gado, inda yake ɓuya tun da muka dawo daga asibiti in abin ya matsa masa. Ya zo ya kama gwiwata da hannu biyu, ya fara nishi, idonsa a kan fuskata bai ko ƙifta ba. Wari ya cika ɗakin. Babansa ya toshe hanci ya yi waje. Amai ya taso mini har maƙogwaro, na haɗiye shi, na yi wa yaron murmushi na ce, "Yauwa ɗan albarka, yi abinka." Ya daɗe yana kallona kafin ya saki jiki ya ƙarasa. Da na ɗaga kai na ga babansa a bakin ƙofa, hannu a hanci, yana kallonmu. Yana nan tsaye har na gama wanke shi.

Kada ki ɗauka na zama wata waliyiya. Har yanzu ina ƙyamar abin, sau uku na sa sabulu, kuma da na tuna kujerata ta bakin taga sai in ji ƙwalla. Jakar tana nan a kan gado, zan mayar da kayan cikin akwati in na gama wannan takarda. Babansa ya koma wurin aiki yau da safe, shi kaɗai.

'Yarki,
Tela